Ƙwaron da ke saƙa da ƙafafunsa: abin da ya kamata ku sani kafin ku yi masa feshi

Idan manomi a Surko, ko wani ƙauyen Birnin Kudu da Gwaram, ya ɗaga ɓawon itace ya ga farin zare shimfiɗe kamar rami, zai zaci gizo-gizo ne ko gara. Mai yiwuwa kuwa ba ɗayansu ba ne.

Akwai rukunin ƙwari da masana ke kira Embioptera, wanda aka tantance nau'insa fiye da 400, galibi a ƙasashe masu zafi. Danginsu na kusa su ne ƙwarin nan masu kama da tsinke, ba gara ba.

Gizo-gizo daga ƙarshen cikinsa yake fitar da zare, tsutsar da ke ba mu zaren tsamiya na aikin manyan riguna kuma daga baki. Wannan ƙwaro kuwa daga ƙafafunsa biyu na gaba yake fitarwa, ya saƙa hanyoyin da yake ɓuya a ciki. Da ya ji motsi, sai ya ruga da baya.

Macen ba ta da fiffike, ita ke gadin ƙwai da ƙananan 'ya'ya. Namijin yawanci yana da fiffike, ba ya cin abinci bayan ya balaga, kuma ba ya daɗewa.

Abincinsu ruɓaɓɓen ganye ne da ɓawon itace da gansakuka. Ba sa cizon mutum, ba sa cin azara. Wanda ya fesa musu maganin gara ya yi asarar kuɗinsa, ya kuma zuba guba a ƙasar da yake nomawa.