Yadda Aka Tashi Mataccen Jirgin Yaƙi

Mu a Mbamba, in mota ta mutu sai makanikan Jimeta. To, jirgin yaƙi fa? Bari in ba 'yan'uwa labarin wani a Amurka, wai shi Doc, irin B-29 mai jefa bom. A 1956 aka yar da shi cikin hamadar Kalifoniya. Sai 2000 aka mai da shi Wichita, watau garin da aka ƙera shi. Masu aikin sa kai suka warware shi gunduwa-gunduwa, abin da ya ci su ƙera sabo. Abin da ya fi ba ni mamaki, cikinsu har da wata tsohuwa, Connie Palacioz, wadda ta buga masa ƙusoshi tun tana budurwa, zamanin Yaƙin Hitila. A 2016 ya sāke tashi, tana raye.