Yadda Ƙwayoyin Cuta Masu Bijire wa Magani Ke Yaɗuwa a Asibiti

Akwai ƙwayoyin cuta na bakteriya da suka daina jin magungunan da aka saba kashe su da su, irin su Ampiclox da tetracycline. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa sun halaka mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi shan wahala.

Asibiti shi ne inda suka fi samun sauƙin bazuwa, domin a nan ne ake tara masu rauni wuri ɗaya. Galibi ba ta iska suke bi ba. Hannu ne ke ɗaukarsu. Wanda ya wanke gyambon wani majinyaci, sannan ya taɓa robar fitsari ko allurar ƙarin ruwan na kusa da shi ba tare da ya wanke hannu ba, ya kai masa cutar ke nan. Masu jinya ma suna da hannu a ciki, ta hanyar musayar buta, kofi, tabarma ko zanin gado. Jarirai sabbin haihuwa, matan da aka yi wa tiyatar haihuwa da waɗanda suka yi haɗarin mota su ne suka fi shiga haɗari.

Lamarin ya shafi Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa kai tsaye. Yankin na kan hanyoyin Kano zuwa Zariya da Kano zuwa Jos, kuma majinyacin da ciwonsa ya tsananta akan tura shi manyan asibitocin birnin Kano. Ƙwayar tana tafiya da shi, wani lokaci kuma ya dawo gida da wata, tana zaune a fatarsa ko hanjinsa ba tare da wata alama ba. Shi ya sa yake da muhimmanci a sanar da likita asibitin da aka kwanta a baya da magungunan da aka sha, har da na kemis, waɗanda jama'a kan ɓoye saboda kunya.

Nijeriya ta fitar da shirinta na farko na yaƙi da wannan matsala a 2017, ƙarƙashin jagorancin Hukumar NCDC. Amma a matakin ƙaramar hukuma, abin da ake nema daga shugabannin sashen lafiya shi ne ruwa da sabulu a kowane ɗakin kwanciya, da tafasa kayan aiki yadda ya kamata. Ana roƙon hakimai, dagatai da limamai su fahimtar da jama'a cewa taƙaita 'yan dubiya a ɗakin jarirai da na masu tiyata kariya ce ga majinyaci, ba yanke zumunci ba.