Daga Gawakuke zuwa Bagadaza: wane ne ya sha kashi?

A watan Fabrairu na 1991, cikin awa 100 na yaƙin ƙasa, rundunar Saddam Huseini ta fice daga Kuweti a warwatse. Amma rediyon Bagadaza ya yi shelar nasara, kuma a kasuwannin ƙasar Hausa mutane da dama suka yarda. Abin mamakin shi ne, a lokacin nan gwamnatin Janar Ali Shaibu ta aika sojojin Nijar kusan 500 Saudiyya, gefen Amurka da Faransa. Gwamnati na gabas, zuciyar talaka na yamma.

Ma'aikaci mai karanta jaridun Paris zai ce jahilci ne. A ganinmu ya yi gaggawa. Larabawa ma ba da yawan tankokin da aka ƙone kaɗai suke auna shugaba ba. A 1956 Ingila da Faransa da Isra'ila sun fi Nasir ƙarfi a Suwez, amma Amurka ta tilasta musu janyewa, shi ya fito gwarzo. A 1967 aka murƙushe shi cikin kwana 6, ya yi murabus ran 9 ga Yuni, jama'ar Alƙahira suka cika tituna sai da ya koma. Sadat kuwa, wanda ya maido da Sinai ta hanyar sulhu, harsashi ya samu a 1981.

Bamaraɗe ya san wannan lissafi, domin garinsa ɗan shan kashi ne. Masu jihadi sun kori sarakunan Katsina a 1807. Wajen 1819 Aznan kwarin gulbi, inda Jiratawa take, suka yi bore, Ɗan Kasawa ya zo daga Damagaram ya zauna Maraɗi. A 1836 Muhammadu Bello ya karya Gobirawa a Gawakuke, Sarkin Gobir Ali ya faɗi a fagen fama. Waɗanda suka tsira suka bi Mayaƙi aka kafa Tibiri. Har yau sarautun biyu ba su saki sunayen Katsina da Gobir ba. Wanda ya ƙi durƙusawa, a nan ba a cewa an ci shi.

Sai dai kwatancin yana da iyaka. Mayaƙi ya bar wa jikokinsa gari da ganuwa da gonaki. Saddam ya bar wa Iraƙawa takunkumin shekara 13, kafin Amurkawa su zaƙulo shi daga rami kusa da Tikrit a Disamban 2003.