Tafiyar Keke Tare: Gajeriyar Hanya Ko Doguwa?

'Yan'uwa, tun da aka cire tallafin man fetur a shekarar 2023 keke ya sake samun daraja a ƙauyukanmu. Ƙungiyoyin matasa sukan shirya fita tare a kan kekuna, ko don ziyarar wata ikilisiya, ko don tara gudummawar gyaran rijiya. Wurin shiri akan yi gardama: waɗansu na son a zaga ƙauyuka biyu ko uku a dawo, waɗansu kuma na son a yi nisa domin a san an yi tafiya. Ga abubuwa huɗu da muke roƙon kwamiti ya auna kafin ya yanke shawara.

Na farko, tsaro. Ba mu manta da ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara da aka sace a Disamba 2020 ba. A 2021 kuma gwamnatin Jihar Katsina ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka kuma katse layukan waya a Faskari, Sabuwa, Ƙanƙara da waɗansu ƙananan hukumomi na wani lokaci. Doguwar tafiya takan ratsa daji inda babu gari kusa. Saboda haka a nemi shawarar dagaci da jami'an tsaro tun ana shiri, a sake tambayarsu da safiyar ranar. In sun ce a dakata, a dakata.

Na biyu, lokaci. A lissafa tafiya da awa, ba da kilomita kaɗai ba. A hanyar burji, taron mutane a kan kekunan gida yakan ci kamar kilomita 10 a awa ɗaya. Ke nan kilomita 15 zuwa da dawowa ba zai wuce awa biyu ba har da hutu. Amma kilomita 50 zai ci awa biyar, ban da faci da cin abinci. Taya biyu suka fashe, magariba ta riske ku a hanya.

Na uku, mutanen da za su hau. Mai ƙarancin ƙarfi shi ne ma'auni, ba gwani ba. In akwai 'yan mata, yara da dattawa, gajeriyar hanya ita za ta ɗauki kowa, gudummawa ma ta fi yawa idan mahaya sun yi yawa.

Na huɗu, yanayi. Zafin Maris da Afrilu yana kayar da mutum. Da damina rafuka sukan cika, laka ta riƙe taya. Nuwamba zuwa Janairu ya fi sauƙi, sai dai a rufe hanci saboda ƙurar hunturu.

Shawararmu ita ce a fara da gajeriya, tsakanin ƙauyukan da suka san juna, a tashi bayan gari ya waye, a dawo kafin rana ta take. In ƙarfafa na son ƙari, su sake zaga wannan hanyar sau biyu maimakon su nausa daji.

Kowace aka zaɓa, a duba birki da sarƙa tun jajibiri. A ɗauki famfo, kayan faci, ruwan sha da garin gishiri da sukari. A rubuta sunayen masu tafiya a bar wa dattijon ikilisiya, a sa babba ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Sannu sannu kwana nesa. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.