Mai Ciki da Goro: Abin da Ba a Tambaya a Wurin Awo

Shawarar da ake ba masu ciki kan sinadarin kafeyin yawanci kofi take ambata, sai mata da yawa a nan su ɗauka ba da su ake ba. Alhali goro, shayi, lemon kola da lemukan ƙara kuzari da suka cika shaguna duk suna ɗauke da shi.

Dalilan da ke kai mai ciki gare su a fili suke. Laulayi ya zo da tashin zuciya da tsinkewar miyau, sai a ce ta ɗan ci goro bakinta ya yi daɗi. Tana ɗaure shi a bakin zani, tana gutsira daga hantsi har dare, ba ta lissafa shi a matsayin komai. Kasala ta zo, a haɗa shayi mai kauri. Kai ya yi ciwo, a sayo Panadol Extra, wanda kowace ƙwayarsa ke da miligiram 65 na kafeyin.

Jikin mai ciki kuwa ba ya saurin fitar da sinadarin. Abin da babba kan rage rabinsa cikin kimanin awa 5, a watannin ƙarshe na ciki lokacin yakan ninka haka sau biyu ko uku. Yana ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi, wanda hantarsa ba ta kai ga narkar da shi ba. Shi ya sa a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wadda ke shan sama da miligiram 300 a rana ta rage, don gudun ɓari da haihuwar jariri ƙasa da kilo 2.5. Likitocin mata na Amurka da hukumar lafiyar Ingila sun tsaya a 200.

Gaskiya ne masana na jayayya kan ko kafeyin ne ke jawo ɓarin, domin wadda cikinta ke lafiya sau da yawa laulayi ne ke hana ta shan kofi tun farko. Amma wannan bai isa a saki jiki ba. Ita uwar ma tana rasa barci, kuma shayi a kan abinci na rage wa jiki tsotsar sinadarin ƙarfe, a yankin da ƙarancin jini ke wahalar da masu ciki.

Ma'aikatan awo su riƙa tambaya kai tsaye: goro nawa kike ci a yini?