Koko da Ƙosai a Abossey Okai

A birnin Guangzhou na kudancin Sin, mutane suna da al'adar fita karin kumallo da suke kira yam ca, wato shan shayi. Ana kawo ƙananan abinci iri-iri, da ake kira dim sam, cikin 'yan kwanduna na gora, kowa ya ɗauki kaɗan. Wasu gidajen abincin, kamar Panxi da aka buɗe a 1947 a bakin tafkin Liwan, cikin lambu suke. Amma ba cin abinci kaɗai ke kai mutane can ba, har da zumunci da hira.

Hausawan birnin Accra ma suna da irin tasu al'adar, sai dai a bakin titi ake yin ta. A Abossey Okai, unguwar da ta yi suna wajen cinikin kayan gyaran mota, mai koko takan kafa tukunyarta tun da asuba. Masu fitowa daga masallaci da 'yan kasuwa da makanikai sukan zauna a benci ɗaya, ana sha ana gaisawa, ana jin labarin gari. Haka abin yake a Nima da Maamobi da Sabon Zongo.

Da gero ake yin kokon. A jiƙa shi, a niƙa da citta da kanumfari da barkono, a tace, a bar shi ya yi tsami, sannan a dama. Akan sha shi da ƙosai ko masa ko pinkaso.

Abin lura ga mai koyon Hausa shi ne sunayen. A Gana ana ce wa ƙosai koose, domin a Hausar can ƙ da k sun zama sauti ɗaya. Waakye, wato shinkafa da wake, daga kalmar wake ya samo asali, tuo zaafi kuma daga tuwo mai zafi. Mutanen Gana da ba su jin Hausa ma da waɗannan sunaye suke saye, har suna cewa Hausa koko don bambanta shi da kokon masara. Saboda haka ɗalibin da ya koyi Hausar Kano kada ya ɗauki koose a matsayin kuskure. Karin harshe ne na Hausawan zango, kuma shaida ce ta nisan da fatauci ya kai Hausa.