Ina Aka Kwana Kan Kason Mata Kashi 35?

Yau na ajiye hirar soyayya da girki, don in ba ku tarihin wani alƙawari da gwamnatin Nijeriya ta yi mana, wanda da yawanmu ba mu ma san da shi ba. Ai wanda bai san ana binsa bashi ba, ba ya zuwa karɓa.

Ko kun san matan kudu sun jefa ƙuri'a a zaɓen 1959, amma iyayenmu na Arewa sai a 1979 suka shiga babban zaɓe na ƙasa? Kafin a kai ga haka, marigayiya Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU ta sha duka da ɗauri saboda wannan fafutuka. Allah ya jiƙanta.

Daga nan abu ya riƙa tafiya sannu a hankali. A 1987 Hajiya Maryam Babangida ta kafa shirin Better Life don matan karkara. A 1989 aka kafa Hukumar Mata ta Ƙasa, sannan a 1995, shekarar babban taron mata na duniya a Beijing ta ƙasar Sin, aka samar da Ma'aikatar Harkokin Mata ta Tarayya. A 2000 gwamnatin Obasanjo ta fito da manufa ta musamman kan mata, a 2006 kuma aka faɗaɗa ta zuwa manufar daidaito tsakanin maza da mata. A cikinta ne aka ce a ba mata kashi 35 cikin 100 na muƙamai.

To amma fa faɗa da cikawa ba ɗaya ba ne. A watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurori biyar na gyaran tsarin mulki da suka shafi mata, har mata suka yi zaman dirshan a ƙofarta. A watan Afrilu na shekarar Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta umarci gwamnati ta cika alƙawarin. Duk da haka, bayan zaɓen 2023 matan da suka shiga Majalisar Dattawa mai kujeru 109 ba su kai biyar ba. Haba!

Ni dai a ganina, 'yar uwa, kujerar da aka ware ba za ta amfane ki ba in ba ki da takardar hawanta. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas, ga mace da namiji. Don haka in wani saurayi ya zo da daɗin baki wai ki jingine karatu, ki roƙi Baba da Mama a sa ci gaban karatunki cikin sharaɗi tun kafin a karɓi sadaki. Asibitocinmu na neman likitoci mata da za su duba mu, makarantunmu na neman malamai mata. Wa zai cike gurbin in ba ke ba?

Allah ya yi mana jagora, amin.